Kwanan watan da ke jikin kwalba

Ni ne mai riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye alluran rigakafi a ƙaramar hukumarmu, a bakin gulbi cikin jihar Kebbi. Safe da yamma nakan duba sanyin firji in rubuta a takardar da ke manne a murfinsa: kada ya gaza maki 2, kada ya haura 8. Mutanen gari "Likita" suke ce min, na gaji da gyara musu har na ƙyale. Aikin ya bar min wata ɗabi'a. In aka miƙo min kwali, ba sunan magani nake fara nema ba, ba kuma tutar ƙasar da ta bayar ba. Kwanan watan lalacewa nake nema. Ko lemo aka ba ni a gidan suna sai na juya kwalbar na duba, har maiɗakina ta ce abin ya zama ciwo.

Makon jiya gara ta shigar mana sito, muka fito da tsofaffin takardu muna kakkaɓewa, sai ga littafin shigar kaya na 2021. Na zauna a kan benci ina buɗe shi har la'asar ta kusa kuɓuce min. Abin da ya tsayar da ni shafin watan Afrilu ne, saboda Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, manomin shinkafa, ya haura saba'in, yana fama da ciwon suga. Rediyo ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ya biya kuɗin kujerar Makka a 2020, korona ta zo, Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan waje. Har yau yana cewa taron ƙarshe da ya ga duniya cikin hayyacinta shi ne bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na shekarar, don daga nan sai kulle da takunkumi.

A rediyon nan tasa muka ji cewa ranar 8 ga Disamba 2020 an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allurar korona a Ingila. Ni murna na yi. Baffa tsaki ya yi. Bai manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma da shi aka yi gardamar allurar shan inna ta 2003. Ya ce min, "Mani, in abin ƙwarai na, ba mu za a hwara ba. In kuwa anka hwara da mu, to ka bincika." Na yi dariya a lokacin. Daga baya na ga rabin maganarsa na farko ya tabbata tsaf.

Duk wanda ya san kasuwar albasa ta Aleiro zai gane abin da ya faru. Akwai dillalin da ba ya jiran a cire albasa. Tun tana gona yake zuwa ya ba da kafin alƙalami, ya kama fadama guda. Ranar da ƙaramin ɗan kasuwa zai zo da 'yan kuɗinsa, sai ya tarar kowane buhu da mai shi. Haka manyan ƙasashe suka yi a 2020. Tun alluran suna matakin gwaji, ba a san wadda za ta yi aiki ba, suka biya kamfanoni daban-daban suka kama layi. Kanada ta yi odar abin da zai ishi mutanenta kusan sau biyar. A watan Janairun 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya faɗi lissafin da ban taɓa mantawa ba: an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, a wata ƙasa guda cikin mafiya talauci kuwa an yi 25. Ashirin da biyar, ba dubu ba. Bai kai yawan yaran da nake sallama kafin hantsi a ranar awo ba.

Mu abin da aka tanadar mana shi ne COVAX, wani irin adashi da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin rigakafi biyu, Gavi da CEPI, suka haɗa, UNICEF na jigila. Masu kuɗi su zuba, a sayo a dunƙule, a raba wa kowa. Tunani mai kyau. Sai dai adashin ya shiga kasuwa bayan dillalai sun gama kama fadama, kuma waɗanda ake jira su zuba masa kuɗi su ne dillalan. An yi niyyar raba biliyan 2 kafin ƙarshen 2021, ba a cika biliyan 1 ba sai tsakiyar Janairun 2022.

Ranar 2 ga Maris 2021 kason Najeriya na farko ya sauka Abuja: miliyan 3.92 na AstraZeneca, wanda kamfanin Serum da ke birnin Pune a Indiya ya sarrafa. Kowane mutum sau biyu ake yi masa, ka ga mutum ƙasa da miliyan 2 ke nan a ƙasar da ta haura miliyan 200. Ko ɗaya cikin ɗari bai cika ba. Aka fara da ma'aikatan lafiya da manya, Shugaba Buhari ya miƙa dantse a gaban kyamara ranar 6 ga wata. Namu ya iso daga Birnin Kebbi cikin 'yan kwalaye da zan iya rungumowa ni kaɗai. Ni ne na uku da aka yi wa a wurinmu. Na kwana biyu da zazzaɓi da nauyin hannu, na miƙe.

Daga nan na sa Baffa gaba. Kullum bayan isha'i ina zaurensa. Na nuna masa katina. Na ce masa masu shekaru da masu suga su cutar ta fi kayarwa. Na tuna masa cewa Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, ba kuwa zai kira talakawansa zuwa ga halaka ba. Duk bai motsa ba. Abin da ya karya shi maganar Makka ce, da aka fara raɗe-raɗin ba mai shiga sai da shaidar allura. Ya ɗauki sati uku yana leƙena, ina jin so yake ya ga ko zan faɗi. Rannan ya ce in saurare shi ranar kasuwa.

A tsakanin nan Indiya ta kama da wuta. Nau'in Delta ya barke, har aka kai ana samun sama da mutum 400,000 a rana a farkon Mayu, asibitoci ba iskar numfashi. Tun ƙarshen Maris gwamnatinsu ta taka wa fitar da allura birki, alhali kamfanin Serum shi ne ginshiƙin COVAX. Ban taɓa jin haushin Indiya ba, so duka so ne amma son kai ya fi, kuma su gawa suke ƙonawa dare da rana. Abin tambaya shi ne yadda aka jingina rayuwar ƙasashe masu yawa haka a kan masana'anta ɗaya. Umarni ya zo daga Abuja cewa duk jihar da ta ci rabin kasonta ta daina yi wa sababbin mutane, a ajiye sauran don zagaye na biyu na waɗanda aka fara wa, tunda ba wanda ya san ranar da wani jirgin zai sauka. A ilimance daidai ne. Ni ma da aka tambaye ni haka zan ce.

Kwana biyu da zuwan umarnin sai ga Baffa, cikin babbar riga, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, jikansa ya goyo shi a babur. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara. Ya kalli firjin da ke bayana yana ƙugi.

"Ta ƙare?"

"Tana nan, Baffa. An dai ce a dakata."

"Tana nan, kuma ba a yi min."

"Ta waɗanda aka fara wa ce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya gyara hula ya ce, "Kai kac ce in taho. Na taho." Ya hau babur suka tafi. A shafin ranar na rubuta adadin kwalaben da suka rage, daidai da na jiya, ba ragi.

Wannan ce asarar da ba ta shiga lissafin kowa. Yardar mutum irin Baffa ba a firji ake ajiye ta ba. Sati uku na yi ina haɗa ta, ta zube a minti biyar. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk mai unguwar da ya yi shela, duk limamin da ya yi huɗuba, sai da ya ji kunyar mutanensa. Da Amurka ta aiko da Moderna miliyan 4 a farkon Agusta, ga Johnson & Johnson da Tarayyar Afirka ta yi mana ciniki ta bankin Afreximbank ta fara shigowa, damina ta yi nisa, kowa na fadama, tsoron cutar ya sace. Na koma zauren Baffa, ya ce in gaida mutanen Abuja.

Sai ƙarshen shekara kaya suka yi ta kwararowa. Ƙasashen da suka tara fiye da buƙata sun buɗe rumbu, sun ga kwanan wata ya matso, suka tuna da mu. Wasu kwalayen sun sauka Najeriya saura sati huɗu zuwa shida su lalace. Wanda bai san aikin ba zai ce ai wata guda ya isa. Ga yadda tafiyar take. Kaya su sauka Abuja, NAFDAC ta ɗebi samfuri ta gwada, a yi rabo a takarda, mota ta ɗauko zuwa ɗakin sanyi na jiha, mu je mu karɓo, sannan in raba wa mazaɓu a cikin kula da ƙanƙara, wasu a babur, na tsallaken gulbi a kwalekwale. Kafin kwalba ta kai hannun mai allura an cinye fiye da rabin kwanakin. Kwalbar AstraZeneca ta mutum goma ce, in an huda ta kuma awa shida gare ta. Sai ka ga ma'aikaciya zaune da mutum huɗu, tana tsoron buɗewa, tana aika yaro tasha ya nemo shida. Su huɗun su gaji su tafi.

Mu ma da sauƙi. Abokan aikinmu na ƙasar Zuru da na Zamfara akwai garuruwan da ba sa iya shiga saboda 'yan bindiga, kuma a Satumban shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, alhali rajistar allurar a waya ake yin ta.

Ranar 22 ga Disamba 2021 aka kwashi allura 1,066,214 da suka lalace aka kai bolar Gosa a Abuja, katafila ta bi ta kansu a gaban 'yan jarida. Dakta Faisal Shu'aib, shugaban hukumar lafiya a matakin farko na lokacin, ya bayyana cewa an karɓe su ne da sanin kwanansu ya kusa, don babu wasu, kuma daga yanzu ba za a sake karɓar irinsu ba. Na ga hikimar yin abin a fili, don mutane su tabbata ba a yi musu allura da ruɓaɓɓen kaya. Amma hoton da ya zaga duniya cewa yake yi an ba Afirka ta kasa amfani da shi. A littafin mai bayarwa kyautar ta cika, an yi godiya, an ɗauki hoto a filin jirgi. A nawa littafin akwai shafin da na ja wa jan layi.

Jikan Baffa ne ya nuna masa bidiyon katafilar a waya. Ya aiko a kira ni. Na zaci faɗa zai yi, sai na tarar yana dariya. "Mani, wagga ita ta wadda kah hana ni?" Na ce ba ita ba ce, wata ce. Ya ce, "Taki na sunka kawo bayan an yi girbi." Duk bayanan da na karanta a kan lamarin ban ga wanda ya kai wannan ba.

A ƙarshen Nuwamban shekarar kuwa, bayan masanan Afirka ta Kudu da Botswana sun gano nau'in Omicron sun sanar da duniya, tukuicin da aka ba su shi ne rufe musu hanyar jirgi. A Disamba Birtaniya ta sa Najeriya ma a jerin ƙasashen da ta hana shiga, ta janye bayan kwana goma da ta ga cutar ta riga ta cika mata gida.

Akwai maganar da aka yi ta ja a Janeba, wadda a da na ɗauka ba ta shafe ni ba. Tun Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasahar alluran na ɗan lokaci, duk mai masana'anta ya sarrafa. Ƙasashe sama da ɗari suka goyi baya. Tarayyar Turai da Birtaniya da Suwizalan suka ja, kamfanoni na cewa in ba riba ba wanda zai sake zuba kuɗi a bincike, ko da yake kuɗin gwamnatoci ne ya ɗauki nauyin babban ɓangare na binciken. Ba a cimma matsaya ba sai Yunin 2022, 'yarmu Ngozi Okonjo-Iweala na shugabancin ƙungiyar, abin da aka amince da shi kuma bai kai abin da aka nema ba. Ihu bayan hari.

To amma a nan nake rabuwa da abokaina masu zagin Turawa a Facebook. A ce an miƙo mana sirrin haɗin a ranar farko, a wace tukunya za mu dafa? Afirka na shigo da kusan kashi 99 cikin ɗari na alluran da take amfani da su. Mu kuwa mun taɓa yi. A Yaba ta Legas akwai ɗakin gwamnatin tarayya da ya yi shekaru yana sarrafa rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har maƙwabta na samu. Aka rufe shi a 1991 da sunan gyara. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu yana da 'ya'ya a makaranta. Senegal ba ta bar nata ya mutu ba, cibiyar Pasteur ta Dakar na yin rigakafin shawara har gobe. Abin da ya fi ba ni dariya mai ciwo, allurar da ake yi wa shanun Baffa, a Vom ta jihar Filato ake sarrafa ta. Saniyarsa na da masana'anta a gida, shi ba shi da ita.

In faɗi gaskiya, korona ba ta yi mana ɓarnar da aka yi hasashe ba. Alƙaluman hukuma sun tsaya a mutum dubu uku da ɗoriya a faɗin ƙasa, ko da yake gwaji ya yi ƙaranci, kuma kowa ya tuna yadda dattawa suka yi ta faɗuwa a Kano a Afrilun 2020. Mutanenmu ciwon masu hawa jirgi suke ce mata. Allah ne ya rufa asiri, da kuma ƙuruciyar yawancin jama'armu. Ba dabarar kowa ba ce. Ni abin da ke hana ni barci shi ne in annoba ta gaba ta zo da halin sanƙarau. Na ga 2017. Ya faro daga Zamfara, ya bi Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe sama da mutum dubu, yawancinsu yara. Allurar da muka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce, wanda ya zo kuma nau'in C ne, rigakafinsa na da tsada, rumbun duniya kuma ɗan kaɗan ke ciki. A wancan karon ba a yi gardama da kowa ba. Iyaye ne ke tsaye a ƙofar asibiti suna roƙo, mu muna jiran jirgi.

Kuma sanƙarau ɗin ne ya nuna min abin mai yiwuwa ne. Allurar nau'in A, MenAfriVac, don yankinmu aka ƙirƙire ta, aka tsayar da farashi ƙasa da rabin dala tun kafin a fara, kuma ta kusa shafe wannan nau'in daga Sahel. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar da ta haɗa nau'i biyar. An zauna tun ba a shiga uku ba, an yi ciniki da sunan talaka, shi ya sa.

A Mayun 2025 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar annoba. A ciki an tsara kamfanonin da suka shiga su ware kashi 20 cikin ɗari na abin da suke sarrafawa, rabi kyauta, rabi a farashi mai sauƙi, kuma a lokacin da ake sarrafawar, ba bayan an ƙoshi ba. Wannan sharaɗin na lokaci shi ya fi min komai, don shi ne maganin takin Baffa. Sai dai Amurka ba ta wurin, ta riga ta sanar da ficewa daga hukumar. Ni kuma na ga takardu masu kyau da yawa a wannan aiki, wasu ga su can gara ta ci.

Baffa dai ya yi allurar a 2022, Johnson & Johnson, sau ɗaya, a hannun wata ma'aikaciya ba ni ba, don ya ce ba zai sake sa min riga ba. Saudiyya ta buɗe Hajji a shekarar, sai ta ce ban da wanda ya haura 65. Sai 2023 ya sauke farali.

A Disamban 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, aka kuma fara da jihohi biyu, Kebbi da Bayelsa. An zaɓe mu ne don binciken 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaranmu na ɗauke da ƙwayar cutar, ba jihar da ta kai mu. Karon farko ke nan a aikina da muka tsaya a gaban layi. Na san ƙwayar zazzaɓi ta fi ta korona wuyar sha'ani, amma na kasa daina lissafin cewa wannan an shafe shekaru fiye da talatin ana nema, waccan ko shekara ba ta cika ba. Da na buɗe kwalin farko na duba, sunan allurar R21, jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, sarrafawa kuma kamfanin Serum, Pune. Masana'antar nan dai.

Ana yi wa yaro yana wata biyar, da shida, da bakwai, sai cikon a wata goma sha biyar. Ranar awo ta biyu sai ga Alhaji Baffa da kansa, ya rako matar jikansa da jaririyarta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya zauna a bencin maza ya ajiye rediyo a cinya. Da layi ya zo kansu ya ɗaga hannu ya tsayar da mai allurar, ya yafito ni.

"Mani, ɗauko kwalbar ka karanta min. Yaushe ta ka mutuwa?"

Na karanta masa. Ya ƙirga watannin da yatsu, ya kai ƙarshen hannu biyu bai gama ba, ya ce wa yarinyar ta kwance goyon.